Baftismar Muradi: Muhawarar Katolika Kan Wanda Ya Mutu Ruwa Bai Taɓa Shi Ba

A watan Mayun shekarar 392 aka tarar da gawar Sarkin Rum Valentinian na Biyu a birnin Vienne, cikin ƙasar da ake kira Faransa a yau. Saurayi ne da bai wuce shekara 21 ba, kuma duk da cewa addinin Kirista yake bi, ba a kai ga yi masa baftisma ba, domin a wancan zamani ba baƙon abu ba ne mutum ya jinkirta ta har girma ya kama shi. Kafin rasuwarsa ya aika wa Ambros, bishop na Milan, yana roƙon ya zo ya yi masa, amma bishop ɗin yana kan hanya labarin mutuwar ya riske shi. Da aka kawo gawar Milan, 'yan'uwan sarkin mata suna fama da baƙin ciki biyu, na rashin ɗan'uwa da na tsoron cewa ya tafi ba tare da ceto ba. A huɗubar jana'izar Ambros ya tambaye su ko akwai abin da ke hannun ɗan Adam in ban da niyya da roƙo, sannan ya ce tun da saurayin ya nemi wannan alheri to ya same shi, domin in shahidai jininsu ne ke wanke su, shi ma ibadarsa da muradinsa sun wanke shi.

Wannan huɗuba tana cikin tsofaffin hujjojin abin da malaman tauhidin Katolika ke kira baftismar muradi, wato koyarwar cewa wanda ya yi burin baftisma da zuciya ɗaya, cikin bangaskiya da tuba da ƙaunar Allah, amma mutuwa ta riga shi, yana iya samun amfaninta ba tare da ruwan ya taɓa kansa ba. Fiye da shekara 1,600 ke nan ana kai da komo a kan maganar, kuma har yau tana raba kan 'yan Katolika masu riƙo da tsohuwar al'ada, musamman a Amurka. A ganina, mafi yawan hayaniyar tana tasowa ne daga cakuɗa tambayoyi uku da ba nauyinsu ɗaya ba: makomar mai koyon addini da ya mutu yana jiran baftisma, makomar wanda bai taɓa jin bishara ba, da makomar jariri. Wanda ya raba su zai ga cewa ta farko an daɗe da rufe ta, ta biyu ita ce ainihin fagen daga, ta uku kuwa Ikilisiya da kanta ba ta yanke hukunci a kai ba.

Tushen matsalar yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Bisharar Yahaya 3:5 Yesu ya gaya wa Nikodimu cewa in ba an haifi mutum ta ruwa da Ruhu ba, ba zai iya shiga Mulkin Allah ba, kuma a Markus 16:16 an haɗa bangaskiya da baftisma a matsayin hanyar ceto. A ɗaya ɓangaren akwai ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi a ranar nan ba tare da an ambaci ruwa ba, akwai Karniliyus, hafsan sojan Rum, da mutanen gidansa da Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu tun kafin Bitrus ya ba da umarnin a yi musu baftisma, akwai kuma 1 Timoti 2:4 da ke cewa Allah yana son dukan mutane su sami ceto. Ikilisiyar Katolika ba ta yarda a jefar da kowanne daga cikin nassoshin nan ba, saboda haka tilas ta nemi yadda za su zauna tare.

Sanannen zancen nan na cewa babu ceto a wajen Ikilisiya ya fito ne daga alƙalamin Sipriyan, bishop na Kartej a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda aka kashe saboda addininsa a shekarar 258. Abin da masu kafa hujja da shi sukan tsallake shi ne, a cikin wasiƙar da ya rubuta wannan zance, bayan 'yan layuka kaɗan, ya ce masu koyon addini da aka kashe kafin a yi musu baftisma ba su yi asara ba, domin an yi musu baftisma mafi girma, ta jini. Haka kuma mutanen da yake yi wa gargaɗi a wasiƙar su ne waɗanda suka ɓalle daga Ikilisiya suka kafa tasu. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ƙara gaba da cewa ba shahada kaɗai ke iya cike gurbin baftisma ba, har da bangaskiya da juyowar zuciya idan ƙurewar lokaci ta hana a yi ta. Sai dai adalci ya sa a faɗa cewa magabatan ba su yi baki ɗaya ba. Girigori na Naziyanzus, a wata huɗuba da ya yi a Kustantiniya a shekarar 381, ya ce in ana hukunta mutum da laifin kisa saboda niyya kawai ba tare da ya kashe ba, to sai a lissafta mai burin baftisma cikin waɗanda aka yi wa. Shi ma Agustin, da tsufa ya zo, ya yi shakkar ko misalin ɓarawon nan ya dace, tun da ba a tabbatar ba a taɓa yi masa baftisma ba, kuma rubuce-rubucensa na ƙarshe sun fi tsauri.

Maganganun da suka fi zafi sun zo ne a tsakiyar zamani. Majalisar Lateran ta Huɗu, wato babban taron bishop-bishop na Ikilisiya, a 1215 ta ce Ikilisiya ɗaya ce, kuma babu ko mutum ɗaya da ke samun ceto a wajenta. Fafaroma Boniface na 8 ya maimaita haka a 1302, ya haɗa da biyayya ga kujerar Roma. Majalisar Florence kuwa, a takardar haɗin kai da Kibɗawan Masar ta 1442, ta lissafta arna da Yahudawa da 'yan bidi'a da 'yan a-ware, ta ce ba su da rabo a rai madawwami sai sun shigo kafin mutuwa, ko da mutum ya yi sadaka iya yinsa, ko da ya zubar da jininsa saboda sunan Almasihu. Duk wanda ya karanta wannan shi kaɗai zai ce an gama magana. Amma malaman da suka rayu a tsakanin majalisun nan, suka kuma yi imani da su, su ne suka tsara koyarwar muradi. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar da baftisma iri uku, ta ruwa, ta jini da ta Ruhu, yana mai bayyana cewa ta ruwa ce kaɗai sakramenti, wato ibada ta zahiri da Almasihu ya kafa don ba da alheri, sauran biyun suna ba da amfaninta ne kawai. Fafaroma Innocent na 3, wanda ya jagoranci majalisar 1215 da kansa, ya amsa tambayar bishop na Metz a 1206 game da wani Bayahude da ya ga mutuwa ta zo ya tsoma kansa cikin ruwa yana ambaton kalmomin baftisma: ya ce baftismar ba ta yi ba, domin mutum ba ya yi wa kansa, amma da ya mutu a take da ya tafi sama saboda bangaskiyarsa ga sakramentin. Da wuya a ce mutumin da ya rubuta wannan bai fahimci abin da majalisarsa ta faɗa ba bayan shekara tara.

Majalisar Trent ce ta shigar da maganar cikin hukuncin Ikilisiya. A zamanta na shida, ranar 13 ga Janairun 1547, ta ce bayan shelar bishara mutum ba ya fita daga halin da aka haife shi zuwa halin alheri sai da wankan sabuwar haihuwa ko muradinsa. A zama na bakwai ta sake faɗin haka game da sakramenti gaba ɗaya, amma a nan ɗin ta la'anci mai cewa ruwa na zahiri ba dole ba ne a baftisma, da mai cewa baftisma zaɓi ce. Katikizim na Roma na 1566 ya fito fili: ana iya jinkirta baftismar manya don a koyar da su, domin idan hatsari ya auka musu ba zato, niyyarsu da tubarsu za su wadatar. Dokokin Ikilisiya na 1917 sun ce mai koyon addini da ya mutu ba baftisma, ba da laifinsa ba, a yi masa jana'iza kamar wanda aka yi wa, na 1983 ma haka suka ce. Wannan yana da muhimmanci a ƙasashenmu, inda ake samun dattijo mai mata fiye da ɗaya yana zuwa coci shekara da shekaru, katikis, wato malamin da ke koyar da addini a coci, ya san shi, yana zama a ajin masu koyo, amma bai kai ga baftisma ba saboda matsalar aurensa ba ta warware ba. Sai dai a nan ma malamai za su tambaya ko jinkirin na dole ne ko na zaɓi, domin muradin da ake nufi shi ne wanda zai aikata da zarar hanya ta buɗe. Game da jini kuwa, cikin shahidan Yuganda da Fafaroma Paul na 6 ya ɗaga zuwa matsayin waliyyai a 1964 akwai Mukasa Kiriwawanvu, wanda aka ƙone a Namugongo a 1886 yana mai koyon addini.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Mutanen Turai na tsakiyar zamani suna ɗaukar cewa bishara ta riga ta game duniya, don haka wanda bai karɓa ba ƙi ya yi. Akwinas ya yi tunanin mutumin da ya tashi cikin daji shi kaɗai, ya ce in ya bi hasken hankalinsa wajen neman nagarta, Allah zai sanar da shi abin da ya wajaba ta wahayi a zuci ko ya aiko masa mai wa'azi kamar yadda ya aiki Bitrus wurin Karniliyus. Bayan 1492, da Turawa suka isa nahiyar Amurka, sai aka gane cewa ba mutum ɗaya ba ne a daji, nahiyoyi ne cike da al'ummai da suka yi ƙarni goma sha biyar ba wanda ya kai musu labari. Francis Xavier, ɗan mishan na Katolika, ya rubuta a 1552 cewa sababbin Kiristocin Yamaguchi a Japan suna kuka idan aka gaya musu babu hanyar fitar da iyayensu daga wuta. Malaman jami'ar Salamanca irin su Francisco de Vitoria da Domingo de Soto suka yi amfani da bambancin da ke tsakanin jahilcin da mutum ke da laifi a kansa da wanda ba shi da yadda zai yi ya kawar, daga nan kuma aka faɗaɗa batun muradi zuwa na ɓoye: mutumin da ya ƙudura yin duk abin da Allah ke so, ko da bai san baftisma na ciki ba, ya riga ya so ta a dunƙule. Fafaroma Pius na 9 ya faɗi haka a wasiƙarsa ta 1863, cewa masu irin wannan jahilci da ke kiyaye dokar da Allah ya rubuta a zukata suna iya kaiwa ga rai madawwami ta ikon hasken Allah da alherinsa, amma a wasiƙar ɗaya ya kira ra'ayin cewa kowane addini na kai mutum ga ceto babban kuskure. Mai karatu Musulmi zai tuna da tattaunawar malamai kan ahlul fatra, waɗanda saƙon manzo bai riske su ba. Damuwar ɗaya ce, ko da yake ginshiƙan amsar sun bambanta.

A kan wannan mataki na biyu rikicin Boston ya ɓarke. Leonard Feeney fada ne, wato limamin Katolika, na ƙungiyar Jesuit, marubuci kuma mai iya magana, wanda ya zama jagoran Cibiyar Saint Benedict da ke kusa da jami'ar Harvard, inda ɗalibai ke taruwa ana koya musu addini. Shi da mabiyansa sun ga cewa 'yan Katolikan Amurka, don neman zama lafiya da maƙwabta, sun mayar da zancen babu ceto a wajen Ikilisiya tamkar abin kunya. A watan Afrilun 1949 aka sallami malamai huɗu masu ra'ayinsa daga makarantun Jesuit na Boston bayan sun zargi hukumar makaranta da koyar da bidi'a, Feeney ya goya musu baya a fili, babban bishop Richard Cushing ya dakatar da shi ya kuma hana 'yan Katolika zuwa cibiyar. Ranar 8 ga Agustan 1949 ofishin kula da aƙida na Roma ya aika wa Cushing wasiƙar da har yau ita ce ma'auni. Ta tabbatar da cewa aƙidar gaskiya ce, amma dole a fahimce ta yadda Ikilisiya ta fahimce ta: ba lallai ne mutum ya zama ɗan Ikilisiya a zahiri ba, ya isa ya haɗu da ita ta muradi, muradin kuma yana iya zama na ɓoye. Ta kuma gindaya sharaɗi biyu da masu ambatonta sukan manta, cewa muradin nan sai ya kasance tare da cikakkiyar ƙaunar Allah da bangaskiyar da Allah ke bayarwa. An kori Feeney daga Jesuit a wannan shekara, sannan a ranar 13 ga Fabrairun 1953 aka yanke shi daga tarayyar Ikilisiya. Dalilin da takardar ta ambata shi ne ƙin amsa kiran Roma sau da yawa, kuma mabiyansa suna riƙe da wannan ƙwarai, suna cewa ba a taɓa hukunta shi da bidi'a ba. A 1972 aka dawo da shi ba tare da an sa shi janye ra'ayinsa ba, ya rasu a 1978. Ba za a rufe tarihinsa ba tare da ambaton cewa wa'azinsa na dandalin Boston a shekarun 1950 ya cika da zagin Yahudawa ba, abin da ya zubar masa da mutunci fiye da batun baftisma.

Hujjarsa ta cancanci a saurare ta yadda take. Bai musanta Trent ba. Ya ce majalisar tana magana ne kan samun halin alheri, shi kuwa shiga sama wani mataki ne daban da ke bukatar hatimin da ruwa kaɗai ke bugawa a rai. Allah mai iko ne, in ya ga zuciya ta gaskiya zai kai mata ruwa ko ta wace hanya kafin ta mutu, kamar yadda ya kai Filibus wurin jami'in fadar nan na Habasha a hanyar Gaza. Wasu daga cikin mabiyansa na baya sun wuce nan, suka ce jimlar Trent tana nufin ana bukatar wankan da muradin duka biyun. A nan ne nake ganin ginin ya tsage. Trent ɗin da kanta ta koyar cewa wanda ya mutu cikin halin alheri babu abin da ya rage masa don ya gaji rai madawwami, saboda haka raba alheri da ceto yana haifar da wani rukuni na mutanen da Allah ya karɓa a matsayin 'ya'ya amma ba su da gida, kuma da aka yi tambayar ina irin waɗannan za su, amsar Feeney ita ce bai sani ba. Fassarar da ke cewa ana bukatar duka biyun kuwa ta ci karo da katikizim ɗin da aka rubuta da umarnin majalisar shekara uku bayan rufe ta, ta ci karo da Robert Bellarmine da Alphonsus Liguori da sauran malaman da suka biyo baya. Abin lura ne cewa hatta ƙungiyar babban bishop Marcel Lefebvre, wadda ta yi tsayin daka wajen adawa da sauye-sauyen zamani, ta ƙi ra'ayin Feeney.

Sai dai rashin ƙarfin amsarsa bai sa damuwarsa ta zama banza ba. Majalisar Vatican ta Biyu, a takardarta kan Ikilisiya ta 1964, ta ce waɗanda ba da laifinsu ba ba su san bishara ba, amma suna neman Allah da zuciya ɗaya suna bin lamirinsu da taimakon alheri, suna iya samun ceto, ta kuma ambaci Musulmi da suna a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya mai jin ƙai. Sakin layin bai ƙare a nan ba: ya ci gaba da cewa sau da yawa mutane suna ruɗuwa da yaudarar Shaiɗan, shi ya sa aikin bishara ya zama dole. Wannan rabin na biyu ya ɓace a bakin masu wa'azi da yawa, har maganar yiwuwa ta koma maganar tabbas. Ra'ayin malamin tauhidi Karl Rahner na Kirista da bai san kansa Kirista ba ne ya ƙara wa abin armashi, ya kuma sha suka ta fuska biyu, daga masu ganin ya kashe zafin wa'azi da masu ganin rashin ladabi ne a laƙaba wa Musulmi ko ɗan Buddha sunan da bai nema ba. Takardar da Kardinal Joseph Ratzinger, shugaban ofishin kula da aƙida na Roma a lokacin, ya sa wa hannu a shekarar 2000 ta yi ƙoƙarin ja da linzami, inda ta ce mabiya wasu addinai suna iya samun alherin Allah, amma duk ceto ta wurin Almasihu yake zuwa, kuma a zahiri suna cikin rashi babba idan aka gwada da masu cikakkun hanyoyin ceto. Katikizim na 1992 ya taƙaita matsayin da cewa Allah ya ɗaure ceto ga sakramentin baftisma, amma shi kansa sakramentinsa ba su ɗaure shi ba. Kamar mai gida ne da ya umarci kowa ya shigo ta zaure: umarnin ya hau kan baƙo da ɗan aike, kuma ɗan aike ba shi da izinin nuna wa kowa wata ƙofa, amma mai gidan bai rasa ikon buɗe inda ya ga dama ba. Abin da Ikilisiya ba ta taɓa faɗa ba shi ne yawan waɗanda ke shiga ta wannan hanya, kuma a kan wannan malaman Katolika masu biyayya ga Roma suna ci gaba da saɓani, wasu na ganin kaɗan ne ƙwarai, wasu na fatan su yi yawa.

Ya kamata a san kuma cewa muradi ba ya mayar da mutum ɗan Ikilisiya a zahiri, ba ya ba shi damar karɓar jibin Ubangiji, kuma ba ya sauke masa wajibcin baftisma idan dama ta samu. Akwinas ma ya ce wanda ya tsira ta muradi yana iya biyan sauran horon zunubansa kafin ya shiga, saɓanin wanda aka yi wa baftisma ya mutu nan take.

Jariri kuwa ba shi da hankalin da zai yi muradi, na fili ko na ɓoye, don haka koyarwar ba ta kai gare shi kai tsaye ba. Agustin ya sa jariran da ba a yi wa baftisma ba cikin hukunci mafi sauƙi, malaman tsakiyar zamani suka sassauta da ra'ayin Limbo, wurin jin daɗi na ɗabi'a ba tare da ganin Allah ba, ra'ayin da aka daɗe ana koyarwa amma bai taɓa zama aƙida ba. Kardinal Cajetan a ƙarni na 16 ya kawo shawarar cewa muradin iyaye na iya tsaya wa ɗansu, ba a kuwa karɓe ta a matsayin koyarwa ba. A 2007 Hukumar Tauhidi ta Duniya, da amincewar Fafaroma Benedict na 16, ta fitar da nazarin da ya ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa rai cewa irin waɗannan jarirai suna samun ceto, amma ta jaddada cewa dalilan fata ne, ba sani tabbatacce ba. Saboda haka dokar Ikilisiya tana nan a kan cewa iyaye su kai jariri baftisma cikin makonnin farko, kuma idan rai na cikin hatsari kowa yana iya zuba ruwan da faɗin kalmomin, ko ungozoma ce, ko ma wanda ba Kirista ba, muddin ya yi niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi.